Daga Farautar Kunkuru zuwa Jirgin Yawon Buɗe Ido: Tarihin da ke Bayan Jadawalin Galapagos

Duk wanda ya buɗe shafin sayar da tikitin yawon jirgin ruwa a tsibiran Galapagos zai tarar da jiragen an jera su reras, kowanne da farashinsa, da yawan kwanakinsa, da hoton ɗakin kwana, da taurarin da matafiya suka ba shi. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun san yadda ake gina irin wannan shafi. Abin da ake iya ƙirgawa shi ake ba gurbi, shi ya sa kana iya tace jiragen daga mai araha zuwa mai tsada da taɓawa ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci kuwa, wato tsibirin da jirgin zai je, da watan da zai je, da abin da zai bari a bayansa, sau da yawa sai ka sauka can ƙasan shafi kafin ka same shi cikin ƙananan haruffa.

Waɗannan ƙananan haruffa suna da tarihi. Kusan kowace doka da ke cikinsu an rubuta ta ne bayan wata ɓarna da wani jirgi ya yi. Wanda ya san tarihin zai karanta jadawalin da wani ido daban, ko da niyyar tafiya yake da ita, ko kuwa a waya kawai yake kallon tsibiran.

Bishop ɗin da iska ta yashe

Tsibiran suna cikin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ekwador, a daidai kan layin ikwaita. Duwatsu masu aman wuta ne suka haife su daga ƙarƙashin teku, kuma ba su taɓa haɗewa da wata nahiya ba. Duk wata halitta da ke can ta iso ne ta sama, ko ta iyo, ko a kan tarkacen itace da ruwa ya kwaso. Wannan tazara ta hana manyan namun daji masu farauta zuwa, don haka dabbobin wurin suka tashi ba su san tsoro ba.

Mutum na farko da tarihi ya rubuta isarsa bai yi niyyar zuwa ba. A shekarar 1535, Tomás de Berlanga, bishop na Panama, yana kan hanyarsa ta zuwa Peru sai iska ta ɗauke, igiyar teku ta ja jirginsa zuwa yamma. Ranar 10 ga Maris suka hango ƙasa. Ruwan sha ya ƙare musu, suka riƙa tauna ganyen wata tsiro mai ƙaya don jiƙa maƙogwaro, mutum biyu da dawaki goma suka mutu. A wasiƙar da ya aika wa sarkin Sifen ya ba da labarin manyan kunkuru da tsuntsaye waɗanda ba sa gudun mutum, ya kuma nuna cewa ƙasar ba ta da wani amfani. Zuwa 1570 tsibiran sun bayyana a taswirar Abraham Ortelius da sunan kunkuru, domin "galápago" tsohuwar kalmar Sifaniyanci ce ta wannan dabba.

Rashin amfanin da bishop ya gani shi ya kare tsibiran na tsawon lokaci. Sai a ƙarni na 17 'yan fashin teku na Ingila suka mai da su maɓoya, inda suke fakon jiragen Sifen masu ɗauke da azurfar Peru. Ɗaya daga cikinsu, Ambrose Cowley, ya zana taswirar wurin a 1684, ya raɗa wa tsibiran sunayen sarakuna da manyan Ingila. Shi ya sa har yau yawancinsu ke da suna biyu, na Turanci da na Sifaniyanci.

Kunkuru a matsayin guzuri

Bala'i na gaskiya ya zo ne da masu farautar wel, wannan ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa wadda a wancan zamani ake tace kitsenta a yi man fitila. Daga ƙarshen ƙarni na 18 jiragen Ingila, daga baya na Amurka, suka cika wannan ɓangare na Fasifik. Tafiyarsu takan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu, kuma babbar matsalarsu ita ce abinci: busasshen biskit da naman gishiri, ga ciwon da rashin sabon abinci ke jawowa har haƙora su zube.

Kunkurun Galapagos ya warware musu wannan matsala. Yana iya yin watanni da yawa, wani lokaci har kusan shekara, bai ci ba bai sha ba. Sai a ɗauko shi da rai, a jibge shi a cikin jirgi, a yanka idan an buƙata. Baiwar da ta sa ya jure fari a tsibirinsa ita ta zame masa ajali. An fi kwasar mata, saboda sun fi ƙanƙanta da sauƙin ɗauka, kuma sukan sauko kusa da gaɓa don yin ƙwai. Duk makiyayi ya san abin da ke samun garken da aka kwashe matansa.

A 1925 wani masani Ba'amurke, Charles Haskins Townsend, ya bi kundin tafiya na jiragen farautar wel guda 79. Ya samu ziyara 189 tsakanin 1831 da 1868, da kunkuru fiye da 13,000 da aka ɗebe. Wannan lissafin jiragen da kundinsu ya shigo hannunsa ne kawai, alhali jiragen da suka yi wannan sana'a sun kai ɗaruruwa. Masana na ƙiyasta jimillar da aka kwashe ta haura 100,000.

Labarin jirgin Essex na garin Nantucket ya isa misali. A Oktoban 1820 ma'aikatansa suka loda ɗaruruwan kunkuru, sannan wani daga cikinsu ya cinna wuta a tsibirin Floreana da sunan wasa. Lokacin rani ne, wutar ta ci tsibirin. Bayan wata guda wel ya fasa jirgin a tsakiyar teku, abin da daga baya ya zama ɗaya daga tushen littafin Moby-Dick na Herman Melville. Duniya ta riƙe labarin nitsewar jirgin, ta manta da gobarar. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 kunkurun Floreana ya ƙare a tsibirinsa.

A Floreana ɗin dai akwai wata ganga da masu farautar wel suka kafa don wasiƙu. Jirgin da ya iso sai ya ajiye nasa, wanda zai koma gida sai ya kwashe ya kai. A 1813, lokacin yaƙin Amurka da Ingila, kyaftin David Porter ya karanta wasiƙun gangar don sanin jiragen Ingila da ke yankin, ya kuma kama goma sha biyu daga cikinsu. A harshen sana'armu, wannan rumbun bayanai ne da aka bari ba makulli. Masu yawon buɗe ido har yanzu suna ajiye kati a wurin ba tare da kan sarki ba, wani baƙon ya ɗauka ya kai da hannu.

Mako biyar na Darwin

Ekwador ta karɓi tsibiran a hukumance ranar 12 ga Fabrairun 1832, ta kafa ƙaramin mazauni a Floreana, yawancinsa fursunoni. Bayan shekara uku jirgin HMS Beagle ya iso don auna gaɓa, ɗauke da wani saurayi ɗan shekara 26 mai suna Charles Darwin. Daga 15 ga Satumba zuwa 20 ga Oktoban 1835 suka yi a wurin, kuma tsibirai huɗu kawai ya taka: San Cristóbal, Floreana, Isabela da Santiago.

Mai riƙon mazaunin Floreana, Nicholas Lawson, ya gaya masa cewa yana iya gane tsibirin da kunkuru ya fito daga siffar ƙoƙon bayansa. Darwin bai ba maganar muhimmanci ba a lokacin. Beagle ma ta loda kunkurun guzuri kamar kowane jirgi, aka cinye su a hanya aka zubar da ƙoƙunan a teku. Ƙananan tsuntsayen finci da yau ake kira da sunansa bai rubuta tsibirin da ya kamo kowanne ba, sai da ya nemi bayanan abokan tafiyarsa bayan an koma gida. A 1837 masanin tsuntsaye John Gould ya tabbatar masa cewa dangi ɗaya ne masu baki iri-iri. Littafinsa kan asalin nau'o'in halittu bai fito ba sai 1859.

Maganar Lawson ita ce darasi na farko ga mai zaɓen jirgi. Galapagos tarin tsibirai ne, kowanne da nasa halittu. Wanda ya ga guda biyu bai ga sauran ba.

Masana ma sun ɗiba. Ayarin Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya na 1905 zuwa 1906 ya tafi da kunkuru fiye da 260, bisa tunanin cewa tunda za su ƙare gara a adana gawarsu a gidan tarihi. A 1924 littafin William Beebe ya sa attajiran Amurka suka fara zuwa da jiragensu na shaƙatawa. A yaƙin duniya na biyu Amurka ta gina sansanin sojan sama a tsibirin Baltra don tsaron mashigin Panama. Iguwanar tudu, wani ƙadangare mai kama da damo, ta ɓace daga Baltra a shekarun da suka biyo baya. Filin jirgin da sojoji suka bari shi ne ya zama babbar ƙofar masu yawon buɗe ido.

Akuya uku

Abin da jirage suka sauke ya fi abin da suka ɗauka daɗewa yana ɓarna. Ɓeraye sun sauko da kansu suna cin ƙwai da 'ya'yan kunkuru. Awaki da aladu da jakuna kuwa da gangan aka sake su. A 1959 masunta suka saki akuya uku a tsibirin Pinta don su riƙa samun nama idan sun biyo. Cikin shekara goma sha ɗaya ko makamancin haka suka kai kusan 40,000. Wanda ya taɓa ganin abin da akuya ke yi wa dashen itace ba ya buƙatar dogon bayani. A 1971 wani masanin dodon koɗi ɗan ƙasar Hungary ya ci karo da kunkuru namiji guda ɗaya a Pinta. Aka kai shi cibiyar bincike, aka raɗa masa suna George Makaɗaici, aka shekara arba'in ana neman ya bar baya ba a dace ba. Ya mutu ranar 24 ga Yunin 2012, nau'insa ya ƙare da shi.

Gyaran ya ci kuɗi da lokaci. Tsakanin 1997 da 2006 aka gudanar da Shirin Isabela, inda aka kawar da awaki fiye da 140,000 daga Santiago da arewacin Isabela da Pinta, da maharba a ƙasa da jirage masu saukar ungulu. Kashe dubban farko bai yi wuya ba. Wahalar tana ga na ƙarshe, waɗanda suka koyi ɓuya. Sai aka kama wasu awaki, aka hana su haihuwa, aka rataya musu na'urar rediyo a wuya aka sake su. Akuya ba ta zama ita kaɗai, dole ta nemi 'yan uwanta, maharba kuma su bi siginar. Duk mai gyaran manhaja ya san wannan hali: kurakuran farko a fili suke, na ƙarshen ne ke cinye rabin aikin.

Akwai kuma labari mai daɗi. A tsibirin Española an tarar da kunkuru 14 kacal, mata 12 da maza biyu. Aka kwashe su zuwa wurin kiwo, aka ƙara musu da wani namiji mai suna Diego da aka dawo da shi daga gidan namun dajin San Diego a 1977. A 2020 aka rufe shirin, aka mayar da tsofaffin gida, inda suka tarar da zuriyarsu ta kai kusan 2,000. Sannan binciken ƙwayoyin gado ya gano jinin kunkurun Floreana a arewacin Isabela. Masu farautar wel ne suka riƙa zubar da kunkuru a wurin don rage kaya, zuriyarsu ta gauraya da na yankin. Hannun da ya ƙarar da su shi ya ajiye irinsu ba da saninsa ba.

Otel mai iyo

A 1959, shekara ɗari da fitowar littafin Darwin, Ekwador ta ayyana kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran a matsayin gandun ƙasa. Cibiyar Bincike ta Charles Darwin ta buɗe a Santa Cruz a 1964. Lars-Eric Lindblad ya kawo ayarin masu yawon buɗe ido a 1967, kuma a 1969 jirgin Lina A ya fara zirga-zirga a kai a kai. Tsarin da aka ɗauka mai sauƙi ne: baƙo ya kwana a jirgi, ya ci a jirgi, ya sauka na 'yan sa'o'i tare da ɗan jagora a kan turbar da aka shata, ya koma. Ta haka ba sai an gina otel ko hanya a tsibiran da ba kowa ba. A 1978 UNESCO ta sa Galapagos cikin rukunin farko na wuraren tarihi na duniya, a 1998 kuma aka kafa gandun ruwa mai faɗin murabba'in kilomita 133,000.

Amma jirgi yana shan mai, man kuma jirgi ne ke kawo shi. Ranar 16 ga Janairun 2001 tankar mai suna Jessica ta kafe a bakin San Cristóbal, kuma cikin kayanta akwai man da aka yi odar sa don wani jirgin yawon buɗe ido. Iska ta kore mafi yawan man zuwa teku, aka yi zaton an tsira. Daga baya masana suka gano cewa kashi 62 cikin 100 na iguwanar ruwa a tsibirin Santa Fe sun mutu cikin shekara guda. Ana kyautata zaton ɗan man da suka haɗiya ya kashe ƙwayoyin cikinsu masu narkar da ciyawar teku.

Yawan baƙi ma ya sauya lissafin. A 1979 ba su kai 12,000 ba, a 2023 sun kai kusan 330,000, ga mazauna kusan 30,000. Mafi yawan baƙin yanzu a otel suke kwana cikin garuruwa, suna fita da ƙananan jirage da rana. Kowane ƙarin baƙo yana nufin ƙarin jirgin kaya daga Guayaquil, kowane jirgin kaya kuma ƙofa ce ga tururuwa da ƙwari da iri. Wani ƙuda mai suna Philornis downsi da ya shigo daga waje yana yin ƙwai a sheƙar tsuntsaye, tsutsarsa ta tsotse jinin 'yan tsaki. Daga 2007 zuwa 2010 UNESCO ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Yadda tarihin ya shiga jadawali

Daga nan dokokin yau suka fito. Jirgin yawo ba ya wuce fasinja 100, kuma da yawansu masu ɗaukar 16 ne. Ɗan jagora ɗaya mai lasisi ba ya riƙe fiye da mutum 16. Ba a matsawa kusa da dabba ƙasa da mita biyu. Ana bincika kaya tun daga filin jirgin Quito ko Guayaquil. Kuɗin shiga ga babban baƙo daga waje ya tashi daga dala 100 zuwa 200 a Agustan 2024.

Dokar da ta fi shafar mai zaɓe ta fara aiki a 2012: kowane jirgi yana da zagaye na mako biyu da hukumar gandun ta amince da shi, kuma ba ya maimaita wuri ɗaya a cikinsa. Matsalar rabon lokaci ce irin wadda ake koya wa ɗalibin kwamfuta, ga wurare ƙididdigaggu, ga jirage da yawa, ba a son su taru. Kamfanoni sai suka yanka zagayen zuwa kwana huɗu, biyar ko takwas. Sakamakon shi ne jirage biyu na iya tallata kwana takwas a farashi ɗaya, amma su kai ka wurare mabambanta ƙwarai. Har jirgi ɗaya ma, makonsa na farko daban yake da na biyu.

Yamma, wato Isabela da Fernandina, nan ne igiyar ruwan sanyi ta Cromwell ke tasowa daga ƙarƙashi da abincin kifi. A can ne kaɗai ake samun komoran, tsuntsun ruwan da fikafikansa suka ƙanƙance har ya daina tashi, kuma can ne mafi yawan fengwin na Galapagos suke. Genovesa a arewa maso gabas ita ce matattarar tsuntsun bubi mai jan ƙafa. Española a kudu maso gabas ita ce gidan albatros, amma daga Afrilu zuwa Disamba kawai, sauran watannin yana can kan teku. Wanda ya biya kuɗi don ganinsa a Fabrairu zai tarar da fili. Tsibiran Darwin da Wolf a can arewa kuwa na masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa ne, ba a sauka a kansu.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Daga Disamba zuwa Mayu akwai zafi da ruwan sama jefi-jefi, teku a kwance, ruwan da ɗumi. Daga Yuni zuwa Nuwamba hazo da sanyi ne, teku na motsi, amma rayuwar cikin ruwa ta fi armashi. Mai saurin jin jiri ya san cewa babban jirgi ko mai gindi biyu ya fi ƙarami natsuwa, shi kuma ƙarami ya fi saurin sauke mutane. A kula da ƙirgen kwanaki: ranar isowa da ranar tafiya duka suna cikin lissafi, don haka yawon kwana huɗu cikakkun ranakunsa biyu ne. Araha ba ta ado.

Sauran tambayoyin ba su da gurbi a shafin, sai mai tafiya ya rubuta ya yi su da kansa. Ina jirgin yake kai ruwan dattinsa da sharar sa? Ma'aikatansa 'yan tsibiran ne, abincinsa daga manoman wurin ake saye? Yana rage fitilu da dare? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce, domin bincike ya nuna ƙwari na bin hasken jirgi su yi ƙaura daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ana wanke takalma tsakanin sauka da sauka? Kamfanin da ya amsa waɗannan a fili ya nuna ya san inda yake aiki.

Mai farautar wel da ya ɗauki kunkuru ashirin bai ga kansa a matsayin mai ƙarar da nau'i ba, guzurin wata biyu ya gani. Masuncin da ya saki akuya uku nama yake tanadi. Ɓarnar Galapagos ta taru ne daga ƙananan shawarwari na mutanen da kowannensu ke da hujjarsa, kuma gyaranta ma haka yake taruwa. Kunkurun tsibiran yana wuce shekara ɗari a duniya. 'Ya'yan da aka saka a Española a shekarun nan za su ga jikokin waɗanda ke sayen tikiti yau, muddin jiragen da ke kai musu baƙi sun tafi da abin da suka zo da shi.